Shirun da Mestre Ya Bar wa Zulmira

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jin haushin Dona Zulmira, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Duk garinmu, Carmo do Turvo, an san in na hango ta a layin coci sai in tsallaka ɗaya gefen, in yi kamar ina duba agogo. Ita ce mai yi wa garinmu rokokin biki, irin na albarushi da ke tashi sama su fashe. Ni kuwa Belarmino tela ne, ni ke jan babban goge a ƙungiyar kiɗan coci.

Abin da ya haɗa mu ba shi da yawa. Kowace Asabar ta Halleluya, wato jajibirin Ista, da hantsi, mukan yi kiɗan Ista na malamin kiɗanmu, Mestre Honorato. Dab da ƙarshe akwai wurin da ƙaho ke hawa sau uku, ya riƙe, sai kowa ya ɗauke hannu lokaci guda. Shiru. Ni dai ban taɓa jin abin da ya kai wannan shirun daɗi ba, ko in ce da an bar ni na ji shi. Domin kowace shekara, a daidai nan, sai matar nan ta saki rokokinta daga farfajiya, tagogi su girgiza, jarirai su tsala ihu, karnukan gari su amsa.

Na sha kai ƙara wurin Mestre. Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Belarmino, kai dai ka ja gogenka."

Mestre Honorato ba ƙaramin mutum ba ne, ko da yake in ka gan shi a kasuwa yana latsa cuku ba za ka ce ba. Uwarsa a baiwa aka haife ta, wanki take yi wa gidan Fada, limamin coci, shi kuma a ƙarƙashin benen mawaƙa ya yi rarrafe. Yana da shekara ashirin aka tura shi Rio, daga can ya haye teku ya yi shekara shida a Napoli. An kaɗa kiɗe-kiɗensa a manyan zaurukan Rio da Lisbon, jaridu sun buga hotonsa da gashin baki a murɗe. Yana tsakiyar tashe ya tattara ya dawo gida da kwat ɗaya da tari, ya zauna a kan ogan, babban abin kiɗan nan na cocinmu, bai ƙara tashi ba sai da aka ɗauke shi. In an tambaye shi dalili sai ya ce a can ba su iya dafa wake ba.

Kiɗan Istan nan kuwa bai taɓa yarda an buga shi a littafi ba, bai ma taɓa rubuta shi a dunƙule ba. Duk yana cikin kansa. Kowannenmu ya rubuta masa rabonsa daban, kuma a saman takarda ba ya sa sunan abin kiɗa, sunan mutum yake sawa. Ya san mai gajeren numfashi, ya san wanda ɗan yatsansa ya ƙage, ya yanka wa kowa daidai jikinsa, abin da ni tela na fi kowa ganewa. Ana idar da ibada sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya karɓe takardunsa ya kulle a akwati, don ’yan ƙungiyar garin da ke tsallaken kogi sun taɓa kwafe masa wani kiɗa. Mutum ashirin da biyu, kiɗan sa’a guda, duk a akwati ɗaya a ƙarƙashin gadonsa.

Ya rasu a watan Fabrairun 1938, ana saura kwana kaɗan a shiga azumin gabanin Ista. Ƙungiya ta ce ni zan riƙe ta a madadinsa. A nan na tafka wautar da har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Kamata ya yi ranar jana’iza in sa a ɗauko akwatin, amma na ji tsoron a ce Belarmino ya ƙosa ya gaji Mestre tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na zauna ina jan aji har sai da ya rage kwana tara Asabar ta Halleluya ta zo, ranar da muka saba fara gwaji.

Na tarar da ɗan ƙanwarsa, Dokta Eurico, lauya daga Belo Horizonte, a barandar gidan yana shan kofi. Gidan fes, an share komai.

"Ranka ya daɗe, na zo ɗaukar akwatin takardun Mestre ne."

"A’a, Seu Belarmino, kwantar da hankalinka, na riga na kula da wannan," in ji shi, har da murmushi. "Duk littattafan Kawu masu bango na aika da su ɗakin karatu a birni."

"Na cikin akwatin fa? Na ƙarƙashin gado?"

"Warwatsattsun nan? Duk maiƙo da ɗigon kyandir, da sunayen mutane a sama? Ai na zaci na ’yan koyo ne. Mako uku ke nan da na ba wa mai rokoki, ta aiko da amalanke."

Ban zage shi ba, ko da yake zagin ya zo mini har baki. Abin da kowa ke yi da tsohuwar takarda a garinmu shi ya yi. Na bar hulata a kan kujerarsa na fita.

Rumfar Zulmira tana can bakin kogi, nesa da gidaje. Na iso ina haki, ta tare ni a bakin shinge, hannayenta baƙi ƙirin da albarushi har gwiwa.

"Tsaya nan, Seu Gogau! Tofar da tabar nan tukuna. Ka cire takalmi, akwai ƙusa a ƙasansu. So kake ka aika mu lahira gaba ɗaya?"

Na tofar, na cire, na shiga ba takalmi kamar mai neman gafara. Sai ga su jere a kan katako har rufi, rokoki dozin arba’in, kowace an naɗe ta tam an ɗaure a sandar gora. A jikin ta kusa da ni na ga layuka biyar da ɗige-ɗigen Mestre, da rabin sunan mai sarewarmu.

"Kin san abin da kika naɗe albarushinki da shi?" na tambaye ta.

"Takarda mai kyau. Rabona da samun irinta tun babana na da rai. Ga kauri, ga layuka, almakashi ba ya karkacewa."

"Kiɗan Ista ne! Kiɗan Mestre! Babu wani a duniya sai wannan, ke kuma za ki cinna masa wuta ranar Asabar. Shekara talatin kina ɓata shi da ƙara, yanzu kin samu kin gama da shi ɗungurungum, sai ki huta!"

Na ɗauka za ta rama, don bakinta ya fi almakashina kaifi. Sai ta zaro roka ɗaya ta juya ta a hannu, ta daɗe tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa ba.

"Na ranar Halleluya?" ta ce.

"Shi."

"Mai ƙahon nan?"

"Shi fa na ce miki."

Ta zauna a kan turmin dakan gawayi. "In na warware su, sai na zazzage albarushin, in turara kowace a kan tukunya kafin kullun rogon ya saki. Albarushin da ya sha tururi ya tashi aiki. Ga ruwan saman nan, ko na samu wata takardar ba za su bushe kafin Asabar ba. Ka gane abin da kake nema? Tun kakana ba a taɓa yin Halleluya a garin nan sama ta yi shiru ba."

Na gane, kuma ba ni da bakin roƙonta bayan abin da na gama faɗa. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata.

"To, me kake jira?" ta daka mini tsawa. "Ɗebo ruwa a kogi. Wutar a can ƙetaren shinge za a hura, in ka kawo mini ita kusa sai na fasa maka kai."

Kwana huɗu muka yi a kai. Ita ke zazzagewa da turarawa, ni ina ɓamɓarowa da bakin wuƙar cin abinci ina shanyawa a kan igiya a cikin rumfa. Kowace takarda ta yanka ta gida uku, don haka da yamma sai in kwashe busassun in kai shago, in baje a teburin yanka, in yi ta neman wadda ta dace da wadda. Allah ya sa tawadar Mestre mai taurin kai ce kamar mai ita, ba ta zuba ba. Da siririn zare na ɗinke su. A rayuwata na ɗinka wa alƙalai kwat, na ɗinka wa amare riga, amma ban taɓa yin ɗinkin da na ji tsoron ɓatawa ba sai wannan.

Labari kuwa ya zaga gari. Shugaban ’yan shirya biki ya zo har bakin shinge ya ce mata ta kunyata unguwa, baɗi daga tsallaken kogi za su sayo rokoki. A kasuwa mata na ce mata, "Dona Zulmira, an ce bana tafi za ki yi mana?" Ta ce musu su taya ta da bakunansu, ai sun fi roka ƙara. Amma na ga yadda take kallon katakon nan yana raguwa, kuma a rana ta uku na tarar da ita tana share ido da gefen zane, ta ce tururi ne.

Ranar Litinin na ƙirga. Rabon mutum ashirin da ɗaya ya cika. Na ƙaho kuwa babu shafinsa na ƙarshe.

"Duk kwaɓi sai na gwada roka uku a bayan dutse," in ji Zulmira, ba ta ko kalle ni ba. "Sun tashi da kyau kuwa."

Wanda aka rubuta wa rabon, Seu Custódio, shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Aristides wanzami ne ya gaje shi, sau biyu kacal ya busa, kuma shi Aristides ko sunan matarsa sai ya duba takarda. Na tsare shi a shagonsa ya gwada tunowa, ya busa mini wani abu da ya fi kama da kukan saniya. Mu sauran kowa da ɗan guntun da ya tuna, kuma babu biyun da suka zo ɗaya, don mai kiɗa in yana kaɗawa nasa layin yake bi. A wannan wurin kuwa ƙaho ne ke ɗauke da waƙar, mu duk rakiya muke yi. In babu shi, abin da ya rage kamar riga ce ba wuya.

Na koma shago rai a jagule, na ɗauko takardun da ban gama ɗinkewa ba, na Mestre kansa, waɗanda yake ɗorawa a kan ogan. Ba wanda ya taɓa ganin cikinsu. Na kai wurin shirun nan, inda a takardar kowa babu komai sai alamar dakatawa. A tasa, a saman alamar, da irin rubutun da yake sa sunayenmu, ya rubuta: Zulmira.

Na koma bakin kogi da takardar a hannu. Wannan karon ba a ce in cire takalmi ba na cire.

"Mene ne wannan? Sunanki ne a nan."

Ta leƙa. "Haka ake rubuta shi? Dogo ne ashe." Ta goge hannu a zane. "Shekarar da ya gama kiɗan, babana bai daɗe da rasuwa ba, ina da shekara goma sha tara, mutane na cewa mace ba za ta iya ba. Sai ga Mestre har nan, da kwat ɗinsa. Ya ce, ‘Yarinya, na bar miki wuri. In ƙaho ya hau na uku ya riƙe, kowa zai yi shiru, wannan shirun naki ne. Kada ki riga, kada ki makara.’ Sau nawa ya rera mini a nan inda kake tsaye, sai da na iya."

"Bai taɓa faɗa mana ba."

"Na ce masa mai babban gogen nan yana harara ta. Ya ce in rabu da kai, in kana fushi ka fi jan gogen da kyau."

Na rasa inda zan sa fuskata. Shekara talatin da ɗaya ina kare kiɗan mutum daga abin da shi da kansa ya rubuta a ciki. Sai can maganarta ta dawo mini.

"Kika ce ya rera miki? Ƙahon?"

"To me zan saurara in ba shi ba? Daga farfajiya, ƙofa a rufe, kana tsammanin ana jin gogenku? Ƙaho kaɗai ke ratsa bango. Shi nake bi tun daga inda yake shigowa, don in san lokacin hura garwashi."

"Ke kin taɓa jin kiɗan daga ciki kuwa?"

"Yaushe? Wa zai riƙe mini wuta?"

Na zaro fensirin awo daga bayan kunne, na juya wata takardar ƙunshi, na ja layuka biyar. "Dona Zulmira, don girman Allah, rera mini."

"Da wannan muryar? Kwaɗin kogi za su kai ƙara."

Ta rera. Muryar kam ba ta yi mata ƙarya ba, hayaƙin shekaru ya cinye ta. Amma ba ta kauce ko da gashi ɗaya ba. Inda ƙaho ke hutawa sai ta cike da aikinta: "Nan nake tsugunawa. Nan nake hura garwashi, ɗaya, biyu. Nan ya dawo." Da wannan na gane tsawon kowane hutu. Sau shida na sa ta maimaita, duk shidan iri ɗaya. Da na koma shago na jera abin da na rubuta a kan rabon sauran, ya zauna daram, babu inda ya matse ko ya yi sako-sako. Na kife kaina a teburin yanka na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Na kwafe shi da tawada a sabuwar takarda. Na daɗe riƙe da alƙalami a kan wurin suna, sannan na rubuta Aristides, don shi zai busa, na ƙara a ƙasa da ƙananan baƙaƙe daga bakin wa aka karɓo.

Ranar Asabar da safe na bi ta gidanta. Na tarar da ita zaune a ƙofa da kayan aiki a jiki, hannu ba abin yi.

"Tashi ki sa baƙar rigarki, ki zo coci."

"In yi me? In tsaya a farfajiya hannu rabbana, a yi ta nuna ni?"

"Ciki za ki shiga. Na sa an ajiye miki wuri a gaba."

"Gaba wurin matan masu gonar kofi? Da waɗannan faratan? Seu Gogau, ka sha giyar rake da sassafe ne?"

Da ƙyar ta yarda, kuma gaban ta ƙi. A bencin ƙarshe ta zauna, dab da ƙofa, kamar mai shirin gudu.

Daga benen mawaƙa ina hango ta. Na ba wa wani gogena, na tsaya a inda Mestre ke tsayawa in ya tashi daga ogan. Muka fara. Da gogunan suka shigo a hankali, waɗanda ba su taɓa ratsa mata bango ba, sai na ga ta ɗago kai tana neman inda sautin ke fitowa. Da muryoyin mata suka hau a kansu, ta sa hannu ta toshe baki. Haka ta zauna kusan sa’a guda. Ni kuwa ina kaɗa hannu, ina jin Mestre a kowane layi, da tarinsa, da rowar yabonsa, da yadda ya san gejin kowannenmu bai taɓa kunyata kowa ba. Na gode masa a zuciyata, na gode wa matar da ta ƙona sunanta a gari don a ji wannan.

Aristides ya shigo. Sai na ga hannun Zulmira ya sauka daga bakinta, ta ɗan sunkuya a benci, leɓɓanta na motsi. Ƙaho ya hau na ɗaya. Ya hau na biyu. Ya hau na uku, ya riƙe, na dunƙule hannu, kowa ya ɗauke.

Ga shirun da na yi shekara talatin da ɗaya ina nema, na same shi cikakke. Kuma wallahi fanko ne. Coci cike da mutane, kowa ya ɗaga kafaɗa yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba, ni ma hannuna ya tsaya a sama, na rasa yaushe zan sauke, don ashe duk shekarun nan rokar farko ce ke gaya wa Mestre lokacin dawowa.

Sai daga bencin ƙarshe, da muryar nan da hayaƙi ya cinye, yadda ta saba yi wa kanta a farfajiya in za ta kai garwashi, Zulmira ta ce, "Yanzu!"

Na sauke hannu, mutum ashirin da biyu suka shigo tare.